Kafin ka miƙa musu sunan ƴarka

Ɗana, na ji sakamakon gwajin da aka yi wa ƴarka a asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri, an ce sikila ce, wadda iyayenmu ke kira amosanin jini. Allah ya ba ta lafiya, ya ba ku juriya kai da mai ɗakinka. Na kuma ji tun ba a je ko'ina ba har mutum uku sun zo maka da fom, kowa na cewa ƙungiyarsa ce gatan masu wannan ciwo. Matso kan tabarmar nan mu yi magana kafin a kira magariba.

Ba zan hana ka shiga ƙungiya ba, domin wannan ciwo ba na kwana biyu ba ne, kuma mutum ɗaya ba ya iya ɗaukarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar yara kusan 150,000 da shi duk shekara a Najeriya, saboda haka waɗanda suka riga ka shiga wannan hanya suna da yawa, kuma za ka buƙace su ranar da ƙashin yarinya ya tashi da tsakar dare, likita ya ce sai an ƙara jini, kai kuma ba ka san ƙofar wa za ka buga ba.

Sai dai mu mutanen Konduga mun ga motocin ƙungiyoyi masu rubutu a jiki har mun gaji da gani, tun daga shekarun tashin hankali zuwa watan Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri. Wasu sun yi aiki tsakani da Allah, Allah ya saka musu. Wasu kuwa sun rubuta sunaye, sun ɗauki hotuna, sun karɓi kuɗin fom, har yau ba mu sake ganin ƙeyarsu ba. Ni kaina na taɓa raka ƙanena wajen irin waɗannan, muka wuni a rana da yaronsa marar lafiya, abin da muka koma gida da shi hula ce da riga.

Saboda haka ka fara tambayar su wane ne a cikin ƙungiyar. Idan a shugabanninta babu mai ciwon, babu uwar mai ciwon, ka ɗan ja da baya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka nemi ganin takardar rajistarsu ta hukumar CAC, ka tambayi Bulama ko ya san su, amma kada takarda ta rufe maka ido, ɓarawo ma yana iya yin rajista. Daɗewa ta fi takarda nauyi. Gidauniyar sikila ta Najeriya da ke Legas tun 1994 take aiki, wanda ya yi irin waɗannan shekaru kuwa ko ba ka tambaye shi ba akwai masu ba da shaidarsa.

Inda nake so ka fi buɗe kunne shi ne abin da suke faɗa game da warkewa. Duk ƙungiyar da ta ce maka tana da jiƙo ko gari da zai mayar da jinin SS ya koma AA, kuma sai a wajenta ake saye, to ƴan kasuwa ne suka yi shigar masu tausayi. Ban raina itatuwan kakanninmu ba, amma abin da likitoci suka tabbatar yana raba mutum da sikila shi ne dashen ɓargo, wanda aka fara yi a ƙasar nan a Benin a 2011, da tsada da haɗari, kuma ba kowane yaro yake dacewa da shi ba. Mutanen kirki za su mayar da kai wajen likita ne, su tuna maka da folic acid da maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro, da gidan sauro, da yawan shan ruwa, da rufe jikin yarinya a hunturu, su kuma faɗa wa ƙannenka gaskiya mai ɗaci cewa AS in ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ya zo da ciwon.

Sai batun hoto. Yarinya ce, za ta girma, za ta yi aure in Allah ya so, kuma hoton da aka saka a Facebook tana kwance da ledar jini ba ya gogewa. Wanda ya ɗaga waya kafin ya nemi izininka, ko ya tara kuɗi da fuskarta ba tare da ya nuna maka lissafi ba, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, kowa zai fito da tuta da lasifika, don haka kada ka yi musu hukunci da ita. Ranar da za ku koma asibiti ka yi sammako, ka zauna a benci kusa da matan da suka fi daɗewa suna zuwa, ka tambaye su wace ƙungiya ce ta taɓa zuwa musu da dare. Ka kuma riƙe wa yarinyar gorar ruwa, titin Bama akwai zafi.