Darasi na 14: Haɗa Ƙaramar Motar Tsere ta Roba

A ƙasar Hausa yara kan ƙera mota da karan dawa, ko da waya da gwangwani, kuma ido ne ma'auninsu. Akwai wani aikin hannu mai kama da wannan da ya bunƙasa a Japan da Turai da Amurka, wanda har manya ke yi. Ana sayen ƙaramar motar tsere ta roba a warwatse cikin kwali, a zauna a haɗa ta, a yi mata fenti, har ta fito tamkar ta gaske. A nan kuwa ido kaɗai ba ya isa, sai da lissafi.

Idan kun duba jikin kwalin, za ku ga an rubuta 1/24. Ma'anarsa ita ce an rage kowane sashe na motar sau 24. Motar da tsawonta ya kai santimita 432 za ta koma santimita 18, wato ba ta kai tsawon biro biyu ba. Sai dai ku juya lissafin ku gani: ɗigon gam mai faɗin milimita ɗaya a jikin ƙaramar mota daidai yake da tabo mai faɗin milimita 24 a jikin babba. Duk kuskuren da hannu ya yi, ma'auni zai ninka shi.

Masu ƙera waɗannan kaya ba su ɗauki ma'auni da wasa ba. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ya fara ne da sana'ar katako a 1946, daga baya ya koma ga roba. Sa'ad da yake shirin fitar da samfurin Porsche 934 a ma'aunin 1/12, wanda ya fito a 1976, sai ya sayi Porsche 911 ta gaske, ma'aikatansa suka kwance ta don su auna sassan da hoto ba ya nunawa.

Sassan motar suna zuwa ne maƙale a jikin wani firam na roba, kowanne da lambarsa. Kada ku fizge su da hannu. Ku yanke da ƙaramar filaya, ku kankare saura da reza, sannan ku goge da sanfefa mai laushi. Kafin ku sa gam, ku fara gwada sassan biyu a bushe, ku tabbata sun zauna daram.

Shi gam ɗin wannan aiki ya bambanta da wanda kuka saba liƙa takarda da shi. Narkar da fuskar robar yake yi, sai sassan biyu su narke cikin juna su zama abu guda. Don haka idan ya taɓa yatsa, yatsan ya taɓa mota, zanen yatsan ya zauna ke nan. Yana kuma dusashe gilashi, shi ya sa ake liƙa tagogi da fitilu da farin gam, wanda ke bushewa garau.

Wajen fenti ne aka fi gane mai haƙuri. Mai gaggawa yakan lafta shi sau ɗaya, sai ya cike layin ƙofa da na boneti, motar ta zama kamar an tsoma ta a kunu. Abin da ya dace shi ne a wanke gangar motar da sabulu, ta bushe, sannan a yi shafi siriri sau biyu ko uku, ana jira kowanne ya bushe sarai. Ku yi aikin inda iska ke ratsawa, domin warin fenti da na gam suna cutarwa. Da hunturu kuma ku kifa kwano a kan motar, don ƙura ba ta raga wa ɗanyen fenti.

Bayan haka sai ƙawatawa, wadda a ganina ita ce daɗin aikin. Lambobin tsere da tambarin kamfani suna zuwa a kan wata takarda da ake jiƙawa a ruwa, sai su zame a ɗora su a mazauninsu. Gwanaye kan ƙara abin da babu a kwali, kamar bel ɗin kujera da wayoyin fulogi. Nan ma ma'auni ne alƙali: wayar fulogi mai kaurin milimita 7 tana bukatar silin waya da bai wuce milimita 0.3 ba. In ya fi haka kauri, injin zai zama kamar an ɗaure shi da igiyar guga.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar 1/24?
2. Me ya sa ba a liƙa gilashi da gam ɗin roba?
3. Mota mai tsawon santimita 456, nawa ne tsawonta a ma'aunin 1/12?
4. Ku yi amfani da waɗannan kalmomi cikin jimloli: lafta, dusashe, daram, garau.