Kafin Madatsa Ta Ɓalle

Jama'ar Kiyawa da Dutse, duk mai gida ko gona a gangaren tsohuwar madatsar ruwa, irin ta Warwade, ya sa ido idan damina ta kankama. Ta Bagauda ta ɓalle a Agustan 1988, ta Alau ta malale Maiduguri a Satumban 2024.

Ku riƙa duba bangon: tsagewa, zaftarewa, suri, ramin gafiya, saiwar bishiya. Mafi haɗari shi ne ruwa mai laka da ke tsatsowa daga gindinsa, domin ƙasar ciki yake kwashewa. Kada a haƙi ƙasar gini a jikinsa, kada a toshe magudanar rarar ruwa.

Da zarar kun ga alama, ku sanar da mai unguwa ko dagaci, ku kwashe yara da dabbobi zuwa tudu.