Koren wakena sai ganye, 'ya'yan kuma sai tauri

Ina da ɗan lambu a bayan ɗakina, inda nake shuka alayyafo da lalo da tumatir, kuma alhamdu lillahi suna yi. Bana sai na yi sha'awar koren wake, irin wanda ake sa wa soyayyiyar shinkafa. Na shuka shi a watan Maris, na zuba masa kashin kaji daga akurkina, da ya tashi kuma na ƙara masa yuriya kamar yadda nake yi wa alayyafo. Ruwan wanke-wanke da na wanki nake ba shi. Ya yi ganye shar, amma fure sai zubewa yake, ɗan abin da ya haifa kuwa tauri gare shi da zare-zare, ga salam a baki. Wanda ake kawowa daga Jos ba haka yake ba. Wane taki zan ƙara masa ya yi daɗi?

Daga wata uwargida a Zariya.

To, Hajiya. Kada ki ƙara masa komai, takin ne ma ya yi masa yawa.

Alayyafo ganyensa ake so, shi ya sa yuriya ke karɓarsa, domin kashi 46 cikin 100 na yuriya naitirojin ne, sinadarin da ke sa ganye. Wake kuwa 'ya'yansa kike nema. Allah Ya yi wa dangin wake wata baiwa: a saiwarsu akwai 'yan ƙulale da wasu ƙwayoyin halitta ke zaune a ciki, suna jawo naitirojin daga iska suna ba shukar. Ki tuge guda ɗaya ki fasa ƙululun da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki. Gaskiya ne koren wake bai kai waken gonarmu ƙwazo a wannan fanni ba, don haka yana son ɗan tallafi yana ƙarami, amma ɗan kaɗan. Da zarar ya samu naitirojin a banza ya yi yawa, sai ya rage yin ƙulalen, ya koma tara ganye, fure ya yi jinkiri. Ɗanyen kashin kaji kuma ya fi kowane takin gida zafi, yana ƙona saiwa. Kin haɗa masa biyu ke nan.

Gyaran ƙasa kafin shuka ake yin sa. Ki tara kashin kajin nan da na shanu ko awaki wuri guda, ki haɗa da busasshen ganye da ɓawon kayan miya, ki riƙa yayyafa ruwa kina juyawa, har wata biyu ko uku. In ya yi baƙi, ya daina zafi da wari, yana marmashewa a hannu, ya nuna. Bokiti guda ya ishi fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Ki cakuɗa shi da ƙasa mako biyu kafin ki sa iri, ki ja kunya mai ɗan tudu, don wannan wake ba ya jure kwanciyar ruwa, nan da nan saiwarsa ke ruɓewa. In kina son takin zamani, NPK 15-15-15 cikin kwalin ashana biyu ya wadatar wa wannan filin, sau ɗaya tak, a binne shi gefe kada ya taɓa irin. Takin sufa ma yana taimakon saiwa da fure. Tokar murhu tafi ɗaya tana da amfani, amma kada a mayar da wurin juji.

Ruwan wankin nan ina roƙonki ki daina. Koren wake na cikin kayan lambun da suka fi ƙin gishiri, omo da sabulu kuwa suna barin gishirinsu a ƙasa, yana taruwa a hankali har bakin ganye ya fara ƙonewa. Ruwan da kika wanke shinkafa ko ganye da shi ba laifi.

Maganar daɗi kuwa, mafi yawanta ba a buhun taki take ba. Jos tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200, tana da sanyi, shi ne sirrin waken da kike yabo. Wannan shuka in zafi ya haura digiri 32 sai ta fara zubar da fure, abin da ya tsira kuma ya yi saurin tauri. Ke kuma kin shuka a Maris, furen ya faɗa tsakiyar bazarar Afrilu, lokacin da Zariya ke tafasa. Ko da kin yi komai daidai, da wuya ki ji daɗinsa. Ki jira ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ya yi fure cikin hunturu. Sai dai iskar hunturu na busar da ƙasa da sauri, don haka ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinsa, ki riƙa ba shi ruwa a kai a kai, da safe, a ƙasa ba a kan ganye ba. Wake ya sha ƙishi yau, gobe a malale shi, wannan na daga abin da ke kawo zaren da kika gani, musamman daga fitar fure zuwa ɗaukar 'ya'ya.

Sai tsinka. Mutanenmu sun saba barin wake ya cika ya bushe, shi ya sa hannu ke nauyin cire wannan da wuri. Irin da ba ya yaɗo yakan isa tsinka kwana 50 zuwa 60 bayan shuka. Ki cire shi yana kaurin fensir, kafin ƙwayar ciki ta kumbura ta fito a jikin kwanso. Ki lanƙwasa guda: in ya karye ƙas, lokacinsa ne, in ya tanƙware kawai, ya wuce. Duk bayan kwana biyu ko uku ki zaga ki tsinke, da sanyin safiya, domin yawan tsinka na sa shi sabon fure. Ki dafa a ranar in da hali, zaƙinsa raguwa yake idan ya kwana.

Wanda ke lambun yanzu ki yanke shi daga gindi, ki bar saiwar a ƙasa, ganyen ki jefa cikin tarin takinki. Ki shuka alayyafo a wurin ya cinye ragowar yuriyar, kafin hunturu ƙasar ta daidaita. In kin tsinki na farko ki rubuto mana yadda ya kasance. Allah Ya sa albarka.