Shawarwari ga mai naɗar shirin rediyo da RTL-SDR a Arewa

A Dogon Dutsi da Tibiri matasa sun fara maƙala wa kwamfuta ko salula ƴar na'urar kama rediyo ta RTL-SDR don su naɗa wa iyaye labaran da suka wuce su suna gona. Matsala takan taso ne wajen sauya tasha.

1. Kada ka sauya tasha ana cikin naɗi. Na'urar tana kama faɗin kusan megahaz 2.4 ne kawai a lokaci guda, alhali zangon FM ya tashi daga 87.5 zuwa 108. Idan kana naɗar ɗanyen sigina ka matsa daga Muryar Sahel zuwa wata tasha mai nisa, fayil ɗin yana nan da lambar mitar tashar farko, sai ka zo saurare ka rasa inda kowace tasha take. Tsayar da naɗin, sauya, jira daƙiƙa biyu, buɗe sabon fayil, ka sa masa sunan tashar. Wannan ita ce shawarar da na fi so a riƙe.

2. In labarai kawai baba yake so, naɗi sauti zalla. Ɗanyen sigina yana cin kusan megabait 290 a minti guda.

3. Na'urori masu araha suna gocewa daga kan tasha idan sun yi zafi, kuma kowa ya san zafin Afrilu a nan. Kunna na'urar minti goma kafin shiri, sannan ka daidaita PPM, wato gyaran mita, a manhajar da kake naɗi da ita. Mai alamar TCXO ba ta cika yin wannan gocewa ba.

4. Gajeren zango daban yake. Na'urori na yau da kullum ba sa sauka ƙasa da megahaz 24, don haka sashen Hausa na BBC sai da samfuri irin V3 ko V4. Tashoshin ma suna sauya mita a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. In shiri ya ɓace a lokacin, duba sabon jadawali kafin ka zargi na'ura.

5. Manhaja ɗaya kawai za ta riƙe na'urar a lokaci guda. Rufe sauran.

6. Inbatar sola da cajar salula suna cika sigina da ƙara. Fitar da eriya waje, in wutar NIGELEC tana rawa ka yi aiki da batir.