Ina Son In Ajiye Alli In Koma Kula da Masu Ciwon Damuwa

Tambaya: Ni malamar sakandare ce a Dutse. Ɗalibai da matan unguwa kan kawo mini damuwarsu, su ce sun sami sauƙi idan mun yi magana. Ina son in bar koyarwa in koma wannan aiki. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, niyyarki ta faranta mini rai, amma kada ki ajiye aikinki tukuna. Iya sauraro baiwa ce, sai dai ba ta isa a damƙa miki ran mutum ba sai an haɗa ta da horo.

Buƙatar a fili take. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Mutumin Kiyawa ko Jahun da ɗansa ya rikice yakan nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ko Dawanau a Kano. Ki tuna gobarar tankar mai a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, a Oktoban 2024. An yi jinyar masu ƙuna, amma uwar da ta rasa 'ya'ya, da yaron da ke firgita cikin barci, su ma majinyata ne.

Aikin ba iri ɗaya ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa shi ke rubuta magani, kuma sai ya yi shekara 6 a karatun likita kafin ya ƙware. Ma'aikaciyar jinya kan ƙaro horo a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Masanin halayyar ɗan Adam mai duba majinyata yana buƙatar digiri a fannin, sannan digiri na biyu a jami'a irin ta Jos ko Ibadan. Ke da kike da digirin koyarwa, ƙofar da ta fi kusa da ke ita ce digiri na biyu a fannin jagoranci da ba da shawara, kuma Jami'ar Bayero na koyar da shi. Ki nemi hutun ƙaro karatu a rubuce daga ma'aikatarku, albashinki na shigowa. Ki guji kwas ɗin mako biyu na intanet da ke raba satifiket, domin tun 2022 akwai dokar da ta kafa majalisar kula da masu wannan sana'a.

Abu mafi girma da horo zai koya miki shi ne sanin iyakarki. Ɗaliba ta zauna gabanki, ta rame, ta daina barci, tana wasa da gefen hijabinta tana cewa “gara ma in huta.” Mai tausayi zai ce ta yi haƙuri, kowa da jarabawarsa. Wadda ta sami horo za ta tambaye ta cikin taushin murya, kai tsaye, ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Idan ta ce e, ba a barinta ita kaɗai, kuma a ranar za a haɗa ta da likita, ko a asibitin Rasheed Shekoni ko a na tarayya da ke Birnin Kudu. Haka wanda ke jin muryoyi, da mai jegon da ta ƙi jaririnta tana sambatu: magana kaɗai ba ta wadatar musu.

Za ki haɗu da iyalan da suka ce aljanu ne ko sammu. Kada ki yi musu da su, za su ɗauke majinyacin ne ki daina ganinsa. Ki ce a ci gaba da addu'a da ruƙiyya, a kuma je asibiti. Amma ɗauri da mari da duka, nan kam ki tsaya da ƙafarki. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare mutuncin majinyaci.

Batun kuɗi kuwa, mutanenmu ba su saba biyan kuɗin zaman tattaunawa ba. Abincin wannan sana'a yana makarantu, asibitoci, sashen gyaran masu shaye-shaye na NDLEA da ƙungiyoyin agaji. Sannan Dutse gari ne da kowa ya san kowa. Sirri ɗaya ya fita daga bakinki, ko ga maigida ne, ba mai sake zuwa.

A wannan zangon, ki roƙi shugabar makarantarku ta haɗa ki da ofishin ba ɗalibai shawara, ki kuma nemi wani ƙwararre ya riƙa duba yadda kike tafiyar da zaman. Idan zangon ya ƙare kina iya barci bayan jin labarai masu nauyi, sai ki sayi fom ɗin digiri na biyun.