Darasinmu: Kafin Ki Danna "Na Amince"

'Yar'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi ƙananan manhajojin nan da kan ce ki shiga da Facebook ɗinki: na wasa, na gyaran hoto, da masu cewa wai za su faɗa miki halinki. Kafin su buɗe sai sun nemi izini, mu kuwa sai mu danna kawai ba tare da mun karanta ba.

Ga abin da ya taɓa faruwa. A 2014 mutane kimanin 270,000 suka amsa tambayoyin wata manhaja ta gwajin hali. Ashe tana kwasar bayanansu har da na abokansu da ba su san da ita ba. A 2018 asiri ya tonu: bayanan sun faɗa hannun kamfanin Cambridge Analytica na Ingila mai aikin yaƙin neman zaɓe, kuma Facebook ya ce abin zai iya shafar mutum miliyan 87. A 2019 hukumar Amurka ta ci tarar Facebook dala biliyan 5. An toshe waccan ƙofa, amma har yau manhajoji na neman hotuna da lambobin da ke cikin waya.

To uwargida, duba wayarki. Akwai lambar maigida, hoton 'yarki ba mayafi, da hirarki da aminiya kan matsalar aurenta. Waɗannan ba naki ba ne ke kaɗai, amana ce. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana mu binciken sirrin juna. Ina kuma ga mu miƙa shi ga baƙo da hannunmu?

Sai a kiyaye:

1. Ki karanta abin da ake nema. Me ya haɗa manhajar girke-girke da lambobin danginki? In babu dalili, ki ƙi.

2. Kada ki rubuta kalmar sirrinki a ko'ina sai a ainihin shafin Facebook.

3. Ki shiga saiti, ki duba jerin manhajojin da kika ba izini, ki cire wadda ba kya amfani da ita. Sai dai cirewa ba ta dawo da abin da aka riga aka kwasa. Rigakafi ya fi magani.

4. In yara na wasa da wayarki, ki koya musu su tambaye ki kafin su danna.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.