DARASI NA TARA: HAUSA DA BAYANIN FASAHA: WAYAR ƘARI DA KAYAN SAUTI NA GIDA

9.0 Gabatarwa

An kammala ginin madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, aka buɗe ta a 1969, da injinan da daga baya suka kai ƙarfin megawat 760. Tafkin da madatsar ta haifar ya malalo arewa har ƙasar Yawuri, ya sa aka tashi ƙauyuka da dama na bakin kogi da na cikin gunguna. Ke nan mutanen Ngaski da Yawuri da Shanga maƙwabtan lantarki ne na kusa, ko da yake maƙwabtaka ba ta hana da yawansu dogara da janareta da sola ba. Wannan darasi zai ɗauki abu guda da ake gani a ɗakunan Wara da Yelwa, wato wayar ƙari da ake jona rediyo da amfilifaya da lasifika a kanta, domin nuna yadda ake bayanin fasaha da Hausa ba tare da ma'ana ta zube ba.

9.1 Kalmomin da ke bakin jama'a

Kalmar "waya" ararriya ce daga Ingilishi. Ta shigo da ma'anar zaren ƙarfe, ta koma saƙon talgiram, ta haifi "gidan waya", har ta kai ga wayar hannu wadda ba ta da waya ko ɗaya a jikinta. Wannan shi masana ke kira faɗaɗa ma'ana. Mai shago kan ce "ekstenshan", wato aro kai tsaye; "wayar ƙari" kuwa ƙirƙira ce. Haka soket da fulogi da fiyus duk sun zauna daram, babu amfanin malami ya tsaya yaƙi da su.

Matsalar tana ga kalmar "wuta". Bahaushe kan ce an kawo wuta (wasu har yanzu Nepa suke ambata, alhali an sauya wannan hukuma tun 2005), ya ce wuta ta yi ƙasa, ya ce dutsen guga yana cin wuta. Kalma ɗaya ce, amma abubuwa uku take ɗauke da su, kuma wanda bai rarrabe su ba ba zai gane dalilin da ya sa waya ke narkewa ba.

9.2 Folt, amfiya da wat

Ruwan Kainji kansa ya isa misali. Tunkuɗar da ruwa ke yi saboda tsayin da aka tare shi ita ce kwatankwacin folt. Yawan ruwan da ke ratsa bututu shi ne amfiya. Aikin da su biyun ke yi tare shi ne wat, kuma ana samun sa ne idan aka ninka folt da amfiya. Ma'aunin wutar gida a Nijeriya folt 230 ne. Fulogi mai ƙafa uku irin wanda aka fi amfani da shi a gida ba ya wuce amfiya 13, wato wat 2,990.

Sai dai wayar ƙari da yawa da ake saye a kasuwa ba su kai wannan ba. A ɗauka an rubuta amfiya 5 a bayan wata. Iyakarta wat 1,150 ke nan. Mai gida ya jona amfilifaya mai jan wat 460 da talabijin mai wat 115, jimilla 575, lafiya lau. Yarinya ta zo ta ga rami ɗaya a buɗe, ta soka dutsen guga mai wat 1,150. Jimilla ta koma 1,725, wato amfiya bakwai da rabi a kan wayar da aka yi don biyar. Yawan ramuka ba shi ne ƙarfin waya ba. Abin lura kuma, lambar da ake aiki da ita ita ce wadda ke kusa da mashigar wuta a bayan na'ura. Dubban wat da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwalin lasifika yawanci kirarin talla ne.

9.3 Tsawo da kauri

Nan ne ya kamata ɗalibi ya tsaya ya natsu. Kowace waya tana da turjiya, wato tana rage wa wutar da ke bin ta ƙarfi, ta mayar da abin da ta rage zafi. Turjiya tana ƙaruwa da tsawo, tana raguwa da kauri. Alal misali, a ce an ajiye janareta nesa da ɗaki saboda hayaƙi, wanda daidai ne, aka jawo siririyar wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 0.75 tsawon mita 50. Wuta za ta je ta dawo, mita 100 ke nan. Idan kayan suna jan amfiya 6, kimanin folt 15 za su salwanta a hanya, wayar kuma ta riƙa fitar da zafin kimanin wat 90, kusan na tsohon ƙwan fitila mai wat 100. Idan a miƙe take, iska na kwashe zafin. Idan an nannaɗe ta ko an tura ta ƙarƙashin tabarma, zafin ya taru wuri guda, roba ta yi laushi, wayoyi biyu su haɗu. Da an yi amfani da mai kaurin 1.5, da asarar ta ragu da kusan rabi. Wayar da aka yi da alminiyam aka shafe ta da jan ƙarfe ta fi haka turjiya, ga saurin karyewa.

Amfilifaya kuwa ba ta jan wuta bai ɗaya. Tana fizga ne lokacin da ganga ta buga da ƙarfi. Shi ya sa a kan siririyar waya sauti ke shaƙewa daidai wurin da ake son ya cika. Ƙugin da ake ji a lasifika sau da yawa daga kwantar da wayar makirufo kusa da wayar wuta yake zuwa.

Akwai kuma doguwar ƙafar fulogi, ta uku, wadda wasu ke cirewa ko su soka tsiraran wayoyi da tsinken ashana. Ita ce ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa idan ta taɓa gangar na'ura. In babu ita, jikin mai riƙe da makirufo ne hanya, balle a tungar masunta inda ƙasa ke da laima, ƙafa kuma ba takalmi.

9.4 Aikin malami

Wanda aka tura koyarwa a wannan yanki zai tarar da aji mai 'ya'yan Kambari da Gungawa da Shangawa, waɗanda Hausa ce harshen da ya haɗa su. Gare su "wuta ta yi yawa" ba bayani ba ne, sai an faɗi ko folt ne ya hau, ko amfiya ce ta fi ƙarfin waya, domin maganin na farko sitabilaiza ne, na biyu kuwa rage kaya ko sauya waya.

9.5 Jinga

1. A kawo kalmomi goma na kayan lantarki daga kasuwa mafi kusa, a ware na aro da na ƙirƙira.
2. Wayar ƙari mai amfiya 10 wat nawa za ta ɗauka a kan folt 230?
3. A rubuta gargaɗi mai jimla biyar ga 'yan aji shida na firamare, ba tare da an yi amfani da kalmar "wuta" fiye da sau biyu ba.